Ran Da Birki Ya Tsinke Mini A Panshanu

Shekara tara ke nan ina aikin ɗauko labari, kuma da za a ce in ƙidaya sau nawa na rubuta cewa "birki ne ya tsinke", lalle da na kasa. Magana ce mai sauƙin rubutawa. Hatsari ya auku, ka je wurin ko ka buga waya, jami'i ya faɗa maka yawan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya da waɗanda aka kai asibiti, ka tambayi sanadi, ya ce gudu ne, ko fashewar taya, ko tsinkewar birki, ka rubuta ka miƙa wa edita, shi ke nan. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko mene ne ainihin abin da ke tsinkewa ba. A raina na ɗauka wani abu ne kamar igiyar guga, tana nan lafiya lau, sai rana ɗaya ta katse ba sallama, ba kuma laifin kowa. Ban rabu da wannan zato ba sai a watan Disamba na 1922 da ɗari, watau 2022, ran da abin ya same ni da kaina, da iyalina a cikin mota.

Bari in fara da motar. Peugeot 406 ce, irin wadda kowa ya sani a Bauchi, domin an daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, kuma babu garejin da ba a san cikinta ba. Mu da muka tashi a gidajen ma'aikata muna da wani rauni game da Peugeot. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, direban ma'aikata ne, ya ƙare aikinsa a kan 504, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda akwai motar da ta kama ƙafarta ba. Hujjarsa kullum ita ce a shekarar 1975, shekarar da aka fara harhaɗa ta a Kaduna, ita ce ta ci gasar tseren Safari a Kenya, a kan hanyoyin da suka fi namu muni. To, sa'ad da na tara 'yan kuɗina na tashi sayen mota, ban duba wani wuri ba.

Amma tawa ba kamar sauran ba ce. Na saye ta hannun wani saurayi daga cikin masu wasan mota ran ɗaurin aure, waɗanda ke juya ta a fili har ƙura ta rufe amarya. Asalinta ƙaramin inji gare ta, mai silinda huɗu, wanda ƙarfinsa bai wuce na doki 110 da 'yan kai ba. Shi kuwa ya sa aka cire shi aka ɗora mata babban injin nan na V6, mai silinda shida da lita uku, wanda ƙarfinsa ya haura na doki 190, sa'an nan ya canja mata salansa. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ƙararta na saya. Ran da ya tayar da ita a gabana a bakin Wunti, ya ɗan taka totur, na ji wani gurnani ya ratsa mini ƙirji, ciniki ya ƙare tun kafin a fara. Na duba fenti, na duba kujeru, na sa aka buɗe bonet na yi ta kallon abin da ban sani ba. Ko sau ɗaya ban sunkuya na leƙa bayan taya ba.

Ran da abin ya faru mun je Jos suna ne a gidan yayar maiɗakina. Muka taso bayan la'asar, ni da ita da ɗiyarmu 'yar shekara uku da wata ƙanwarta, bayan mota kuwa cike da dankalin Turawa da kabeji da karas, kamar yadda kowane baƙon Jos ke komawa gida. Ina da labarin da ya kamata in aika kafin dare, saboda haka na ƙudura in yi magariba a Bauchi. Wanda ya san hanyar nan ya san kilomita ce wajen 130, kuma mai zuwa daga Jos gangara ya ke yi, domin Jos tana bisa tudu mai tsawon mita wajen 1,200, Bauchi kuwa ba ta fi rabin haka ba. Na wuce Tilden Fulani, na wuce Magama, mota tana cikin giyar ƙarshe, ina wuce na gabana ɗaya bayan ɗaya. Duk kwanar da na tarar sai in taka birki, in fita in taka totur, in sake taka birki. Da muka shiga duwatsun Panshanu ma ban sauke giya ba, na ɗora ƙafa a kan birki na bar ta nan, ina jin daɗin yadda motar ke bin kwana kamar ruwa a kwata.

Muna karya wata kwana sai na ga ganyaye a jere a kan kwalta, alamar babbar mota ta lalace a gaba. Ga ta kuwa, ta tare hannunmu, ga wata tana tahowa a ɗaya hannun. Na taka birki. Ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka tuwo mai zafi, motar kuwa ko gezau. Na ɗago na sake takawa, haka. Abin da na tuna shi ne muryar maiɗakina tana salati, da kuma maganar mahaifina da ta faɗo mini, cewa giya ita ce birkin da ba ya ƙarewa. Na jefa ta a ta uku, injin ya yi kururuwa, na jefa a ta biyu, na riƙa jan birkin hannu kaɗan kaɗan ina saki, na karkata zuwa tsakuwar gefen hanya. Muka tsaya. Tsakaninmu da yaron motar da ke kwance ƙarƙashin babbar motar nan yana kwance wani ƙarfe, ban ce ya kai taki goma ba.

Da na fito sai wani ƙauri ya buge ni, hayaƙi yana fita daga tayoyin gaba. Direban babbar motar, wani dattijo mai furfura, ya zo ya kara bayan hannunsa kusa da wilin gaba, ya janye da sauri, ya ce, "Samari, ai ka dafa shi. Zauna ka huta, zai dawo." Na zaci ba'a ya ke yi. Bayan kamar rabin sa'a na shiga na taka, sai ga birki ya yi tauri kamar ba abin da ya taɓa samunsa. Wannan ya fi tsinkewar ba ni tsoro. Da a ce mun mutu a wurin nan, wanda zai zo duba motar da safe zai tarar da birki garau, wani abokin aikina kuma ya rubuta cewa gudu ne kawai, ko kuwa barci ne ya sace direba.

Muka lallaɓa a giya ta uku har gida, muka iso bayan isha. Maiɗakina ba ta ce mini uffan ba a hanya. Sai da ta kwantar da yarinya sa'an nan ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Abban Ummi, ni da 'yata mun gama shiga motar nan." Ban amsa ba, don ba ni da ta cewa.

Kashegari na kai motar wurin wani tsohon bakanike da ke kan hanyar Jos, wanda kowa ke kira Baba. A ƙuruciyarsa ya yi aiki a kamfanin Steyr na nan Bauchi, wanda ya fara harhaɗa manyan motoci da taraktoci a ƙarshen shekarun 1970, kuma har yau yana da halin mutanen da suka koyi aiki a hannun masu awo: ba ya ɗaure noti da ka. Na fara ba shi labari da zumuɗi, ya ɗaga mini hannu, ya sa yaro ya ɗaga motar ya kwance tayar gaba. Ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, wa ya ɗaura wa doki linzamin jaki?"

Abin da ya nuna mini ke nan. Wanda ya canja injin bai taɓa birki ba. Faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, wanda kanikawa ke kira dis, na ƙaramin injin ne, faɗinsa milimita 260, ya sha ci har gefensa ya yi baki kamar na faranti, fuskarsa kuma ta yi shuɗi shuɗi don ƙuna. Takalman birkin da ke matse shi sun yi ƙyalli kamar gilashi. Ni na saye su da kaina watanni kaɗan kafin nan, na zaɓi mafi araha a shago, har ina murna na yi ciniki. Da ya buɗe tulun man birki ya tsoma tsinke, man ya fito baƙi kamar ruwan shayi. Ya tambaye ni yaushe rabon da a canja shi. Na ce ai ba ya raguwa. Yaran gareji suka tuntsire da dariya.

Baba ba mai yawan magana ba ne, amma ran nan ya yi mini karatu, ni kuma daga baya na bi littattafai na tarar bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ashe birki ba wani abu ya ke yi ba illa mayar da gudu ya zama zafi. Duk ƙarfin da mota ta tara tana tafe, sai ya bi ta wurin gugar takalmi da faifai ya fita a matsayin zafi kafin ta tsaya. Wannan ƙarfi kuwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in ka ninka gudu sau biyu, shi ninkuwa ya ke yi sau huɗu. Mota mai nauyin tan ɗaya da rabi, kamar tawa da kayanta, idan tana gudun kilomita 120 a sa'a aka tsayar da ita cak, zafin da zai fito ya isa ya kai ruwa lita biyu da rabi ga tafasa, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi za a zuba shi a kan ƙarafan da ba su fi faifan tuya girma ba. Saukowa daga tudun Jos zuwa Bauchi kuwa, ko ba a yi gudu ba, daidai ya ke da irin wannan tsayawa sau goma, sai dai iska da inji su ɗauke wani kaso, in direba ya bar injin ya taimaka. Ni ban bar shi ba. Kuma da ya ke mota in ta ci birki nauyinta gaba ya ke rinjaya, kamar yadda fasinja ke dungurawa, tayoyin gaba su ke ɗaukar wajen kashi biyu cikin uku na wannan aiki, wani lokaci fiye.

Sauran labarin a wurin mai ya ke. Ƙafar direba ba ta taɓa takalmin birki. Mai ta ke turawa ta cikin bututu, man ya tura fistin da ke cikin abin matsewar da kanikawa ke kira kalifa, shi kuma ya matse faifai. Ana iya yin haka ne domin ruwa ba ya matsuwa. Amma man birki yana da wani hali, yana shan laimar iska a hankali, ko da ba a buɗe shi ba. Sabon mai irin wanda aka rubuta wa DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, mai lamba DOT 4 kuwa sai 230. In ya sha laima, na farkon yana iya saukowa zuwa 140, na biyun zuwa 155. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututun, tururi kuwa matsuwa ya ke yi, sai ƙafarka ta tafi ƙasa tana matsa iska. In ya huce ya koma ruwa, birki ya dawo, ya bar ka da rantsuwar da ba mai gaskatawa. Don haka ne masu ƙera motoci ke cewa a zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu, ko ya ragu ko bai ragu ba. Baba ya ce ya sha ganin direbobin haya da man ya tsiyaye musu a daji suka cika da ruwan sabulu, suka iso gari, sa'an nan suka manta.

Ashe babu abin da ya tsinke. Abin da ya same ni a Panshanu an shekara ana dafa shi: wani ya ƙara inji ya bar birki, ni na sayi takalmi na banza, na bar mai ya tsufa, na cika mota da kaya, sa'an nan na sauko dutse a giyar ƙarshe.

Baba ya ba ni zaɓi biyu. Ko a mayar da ƙaramin inji, ko a ba babban injin birkin da ya dace da shi. Na farkon ya fi hankali, ya kuma fi araha, har ma za a yi mini ciko. Abokan aikina duka shi suka ba ni shawara. Na kwana uku ina juya abin, daga ƙarshe son zuciya ya yi rinjaye, na ce a bar mini injina. Baba bai yi mini wa'azi ba. Ya ce to, in haka ne ba zai taɓa motar ba sai na yarda da sharaɗinsa: duk kayan da za a sa su fito daga jikin mota guda, wadda aka ƙera ta da wannan inji tun daga masana'anta, kada a yi masa haɗin gambiza.

Akwai wata 406 mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana ya kuma harhaɗa tun daga 1997. Mai injin V6 daga cikinsu an yi mata faifan gaba mai faɗin milimita 305, mai ramuka a tsakiyarsa inda iska ke ratsawa ta kwashe zafi, da kalifa mai fistin huɗu, biyu ta kowane gefe, ƙirar kamfanin Brembo. Shi wannan kamfani an kafa shi a 1961 kusa da birnin Bergamo, kuma tun 1975 ya ke yi wa motocin tseren Ferrari birki. Birki mai faifai ma dai a filin tsere ya yi suna, sa'ad da motar Jaguar ta ci gasar sa'a 24 ta Le Mans a Faransa a 1953, domin direbobinta suna iya jinkirta taka birki har bakin kwana, sau ɗaruruwa, bai gaji ba. Shekara biyu bayan haka Citroën ta sa shi a motar da kowa zai iya saye. Abin da masu tsere suka gane tun wancan zamani shi ne abin da samarinmu masu wasan mota ba su kula da shi ba: kafin a ƙara wa mota gudu, ana fara tanadin inda zafin zai tafi.

Irin wannan mota ba ta da yawa a ƙasar nan, saboda haka kayanta sai an tona. Aka yi ta cigiya har aka ji labarin akwai gaban wata da aka yanko daga Turai a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Na tafi a watan Fabrairu na 2023, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, ga zaɓe ya ƙarato, ofis ba ya son kowa ya motsa. Mai kayan ya ce shi sai tsaba, ni kuwa abin da ke aljihuna bai kai kuɗin motar komawa ba. Muka wuni a shagonsa muna jiran kuɗin da na tura ta waya su shiga, yana duba wayarsa ina duba tawa, har muka ci abinci kwano ɗaya muka zama abokai. Baba ya haɗo ni da babban yaronsa da ma'aunin kauri, ya auna faifan biyu ya ce sun kusa kai iyakar da aka buga a jikinsu, kada in ɗauka. Muka ɗauki kalifa biyu da mazauninsu da babbar silindar da ke tura mai, faifai da takalma kuwa na sayi sababbi. Abin da na kashe ya tasam ma albashina na wata biyu, kuma daga kuɗin da mu ke tarawa na bulon fili aka cire shi. Maiɗakina ta sani. Ta ce in dai don a tsaya ne, ba ta da magana.

An ɗaura kaya lafiya, sai aka zo mayar da taya ta ƙi shiga. Wilina mai inci 15 ne, sabon kalifa kuwa ya yi masa girma, sai mai inci 16. Na tsaya ina kallon Baba kamar in yi kuka. Ya ce, "Da ma na sani. Na bari ne ka gani da idonka, don da na faɗa maka tun farko cewa za ka yi ina son in ci kuɗinka." Sa'an nan ya mirgino tsohuwar tayata ya nuna mini wasu lambobi huɗu a gefenta, 2314. Ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Watau an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2014, ta shekara takwas da ɗoriya, robar ta bushe ta yi tauri ko da ya ke zanenta bai gama cinyewa ba.

A nan ne ya faɗa mini maganar da ta fi kowace kashe mini jiki. Ya ce kada in zaci wannan babban birki zai tsayar da ni a taƙaice fiye da ƙaramin, in ana maganar taki ɗaya ne a kan hanya miƙaƙƙiya. Ƙaramin ma, in yana da lafiya, yana iya kulle taya. Daga nan kuwa aikin ya bar hannun birki ya koma ga taya da kwalta, kuma abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai fi tafin hannu ba. Amfanin babban faifai shi ne taki na biyar da na goma su zama kamar na fari, domin yana da jikin ɗaukar zafi da hanyar zubar da shi. "Kuɗinka na wata biyu," in ji shi, "haƙuri ka saya wa motar. Tsayawa kuwa, je ka sayo taya." Na ci bashin ƙungiyar adashin ofis na sayo wili huɗu da taya huɗu sababbi.

Bai tsaya nan ba. Ya kwance na baya ya wanke ya daidaita, domin a cewarsa in gaba ya yi ƙarfi baya ya yi sanyi, gaban zai riƙa kullewa da wuri, mota ta ƙi jin sitiyari ta miƙe inda ta ga dama. Ya canja tiyoyin roba da suka fara tsagewa, ya zubar da tsohon mai ƙaf ya sa DOT 4, yaro yana ciki yana takawa, shi yana ƙasa yana buɗe noti yana rufewa, yana kiran "taka, riƙe, saki" har iska ta ƙare. Sa'an nan ya ce in zo bayan sallar asuba. Muka hau hanyar Dass ba kowa, ya sa na kai 80 in sauko zuwa 20 ba tare da na tsaya ba, na sake, na sake, wajen sau goma, kana muka yi tafiya mai ɗan nisa ban taɓa birki ba don ya huce. Ya ce sabon takalmi da sabon faifai kamar sababbin ma'aurata ne, sai an bar su sun saba, in aka fara da wuta za a daɗe ana jin kakkarwa a sitiyari.

Yanzu ga abin da ban so in rubuta ba, amma in na bar shi labarin bai cika ba. Mako biyu bayan gyaran nan, ina dawowa daga wani aiki a Ningi ni kaɗai, na duba maleji na ga allura ta wuce inda ta ke ran Panshanu. Ban yi niyya ba. Kawai dai wani abu a cikina ya ce ai yanzu akwai birki. Tsoron da ya riƙe ƙafata wata biyu ya tafi tare da tsofaffin ƙarafan, na cinye ribar gyaran tun kafin in biya bashinsa. A gudun kilomita 100 mota tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yarda, ƙafa ta tashi daga totur, daƙiƙa guda ta wuce ko fiye. Wannan mita 28 babu Brembo a cikinta. Akuya ko yaro mai tallan gyaɗa da ya shigo cikinta, sai dai wani ikon Allah. Na sauka gefen hanya na zauna na ɗan lokaci, ina jin kunyar da ba mai ganina.

Daga baya ma gwamnati ta taya ni. Da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, injin nan mai silinda shida ya zama kamar baƙon da ba ya ƙoshi. Yawancin kwanaki a rufe ta ke da tampol a ƙofar gida, ni kuwa ina bin Keke zuwa ofis, abokan da suka ce in mayar da ƙaramin inji suna gaishe ni da murmushi.

A wurin aiki kuwa na zama mai tsawaita tambaya. In jami'i ya ce mini birki ne ya tsinke, sai in ce ta yaya: mai ne ya tsiyaye, ko tafasa ya yi, ko takalmi ne ya ƙare, a gangara ne, nawa ne nauyin kayan? Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, waɗansunsu suna jin daɗin tambayar su amsa da abin da suka gani, waɗansu kuma su ce a jira rahoto. Sau biyu na sa irin wannan bayani a labari, sau biyu aka yanke shi don ƙarancin fili, aka bar sunan gari da adadin mamata. Ban yi jayayya ba, don ni ma da haka na ke yankewa.

Maiɗakina ta cika maganarta har wata goma sha ɗaya. In za ta Jos sai in kai ta tasha ta hau motar haya, wadda na tabbata birkinta bai kai nawa ba, na kuwa faɗa mata haka, da lissafin milimita da digiri. Ta ce ita ba ta san milimita ba, amma ta san direban haya ba ya sauri don ya burge kansa. Sai a Nuwamba na 2023, da mahaifiyarta ta kwanta rashin lafiya aka kira mu da dare, ta ɗauko mayafi ta buɗe ƙofar gaba ta zauna ba tare da ta dube ni ba. Muka kwana biyu a Jos, jiki ya yi sauƙi, muka juyo.

Da muka wuce Magama na ga ta gyara zama ta dafa gaban mota. Tun kafin duwatsun su bayyana na sauke giya zuwa ta uku, na ɗauke ƙafata daga birki, injin yana gurnani yana riƙe mu, ƙananan motoci suna ta yi mini ham suna wucewa. Wani yaro a cikin wata Golf har ya leƙo ya ɗaga mini hannu, alamar me ke damun wannan. Muka wuce inda babbar motar nan ta tsaya, babu komai a wurin sai baƙin mai a kan tsakuwa. A Nabordo ta ce in tsaya ta sayi rake. Da ta sauka na zagaya na kara bayan hannuna kusa da wilin gaba, na ji ɗumi kaɗan kamar na kwanon da aka ci tuwo aka bari. Ta dawo ta same ni a tsugune, ta ce, "Lafiya?" Na ce lafiya lau. Ta miƙa wa Ummi rake ta taga, ta ce in buɗe mata but ta sa sauran.